Tarwaɗa a Garkar Sodangi

Ana tsakiyar rani ruwa ya ɓuɓɓugo a garkar Sodangi, daidai gindin tsohon dam ɗin ƙasa da ke kusa da Kuki. Gidansa da na sauran 'yan unguwa duk suna can ƙasa cikin kwari, bangon dam ɗin nan kaɗai ya raba su da ruwan.

Sodangi kuwa akwai son banza. Ya jingine injin ban-ruwa, ya ce Allah ne ya dubi wahalarsa ya ba shi idon ruwa. Ya ja wa ruwan hanya zuwa fangalin tumatir, kuma kullum safiya sai ya sa fartanya ya ƙara buɗe bakin ramin, wai don albarkar ta sake jiki. Tumatir ya yi shar. Shi ma ya yi shar, har tafiyarsa ta sake.

Matarsa Tani ce ta fara tsarguwa, ranar da ta kawo masa fura.

"Malam, ruwan ga naka ya fara ja. Da garau yake, yanzu laka ke kwanciya a gindin bokiti."

"Ke dai ba ki iya ganin alheri ki yi shiru ba," in ji shi. Ta kwashi kwanonta ta gangara gida wajen yara.

Ba ta daɗe da tafiya ba sai ga maƙwabcinsa Ummaru ya sauko daga kan bango, fatsa a kafaɗa, hannu wayam. Sodangi ya tare shi yana ta cika baki. Suna tsaye ramin ya yi wani gurnani, ya tofo dunƙulen laka, sai ga tarwaɗa mai kaurin damtse tana wutsil-wutsil cikin fangali.

Sodangi ya tuntsire da dariya. "Ka gani ko? Har da na miya!"

Ummaru bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya buɗe bakin kifin, ya zaro ƙugiya da guntun koren zare a jikinta.

"Innalillahi! Sodangi, ƙugiyata ce. Ɗazun nan ta tsinke mani zare."

"Ina?"

"Cikin dam mana. Can ta ɗaya gefen."

Sodangi ya daina dariya. Ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya dubi ramin da ya yi ta faɗaɗawa da hannunsa, tsoro ya rufe shi. Ashe duk kwanakin nan cikin dam yake ta haƙa.

Ya tuɓe riga ya cusa a ramin, ya danne da ƙafa. Ruwa ya tofo rigar, bakin ramin ya zabtare har ya ci ƙafarsa zuwa ƙwauri.

Ya fizge ƙafar, ya bar takalmin ciki, ya nufi kwari a guje ba riga.

"Tani! Kwashe yara ku hau tudu! Jama'a, ku fito!"