Auta Ba Ya Cin Albasa

Ranar da aka sallamo Inna daga asibiti aka kawo ta gidan ɗanta Auta, a ranar albasa ta bar gidan. Ana riƙe da ita za a shigar da ita ɗaki, sai idonta ya faɗa kan wani kwando a bakin kicin. Ta ja ta tsaya.

"Wancan mene ne?"

"Albasa ce, Inna," in ji matar Auta.

"A gidan Auta? Ke 'yar nan, ashe kashe mini ɗa kike yi a hankali? Yaron da ko warinta ya ji sai ya amayar da abin da ke cikinsa?"

Matar ta dubi mijinta, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Kafin la'asar kwandon ya koma gidan maƙwabta.

Inna ba ƙarya ta yi ba. Yana yaro haka yake, ko ɗan sili ya gani a miya sai ya ture kwano ya fita yana kakarin amai. Amma yanzu Auta tela ne mai shagon kansa, furfura har ta fara leƙowa a gemunsa. Tun yana saurayi, lokacin da ya tafi koyon ɗinki a wani gari, yunwa ta sulhunta shi da albasa, daga baya kuma abin ya zama soyayya. Da ya dawo gida hutun farko ya so ya faɗa, sai ya tarar Inna ta dafa masa miya ba albasa, tana murna tana cewa, "Ci, ɗan nan. Duk duniya ba wanda ya san cikinka sai ni." Ya haɗiye maganar tare da lomar. Daga nan kuma kullum faɗar sai ƙara nauyi take yi.

Yanzu ga Inna a gidansa, likita ya hana ta gishiri saboda hawan jini, ita kuma ta hana albasa. Tukunya biyu ma ta ce ba a gidan da take ba. Abincin ya zama lami. Yara suna ci suna yatsine, Inna kuwa cokali biyu take yi ta ture. Zoben da ke yatsanta ya fara zamewa, sai da ta naɗa masa zare. Da aka mai da ita awo, likita ya dubi sikeli ya ce in aka dawo nauyinta bai daina raguwa ba, gado za a sake ba ta. A mota Inna ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "In na koma gadon nan, ba da ƙafata zan fito ba."

Abu ɗaya ne ba ta fasa ba. Duk lokacin cin abinci sai ta jawo farantin Auta gabanta, ta sa cokali ta bincike shi kaf, ko an yi kuskure wani sili ya faɗa. In ta gama ta tura masa ta ce, "Ci, ba komai." A lokacin ne kawai fuskarta ke dawowa irin ta da.

A shago kuwa, da rana, Auta na aikawa a soyo masa ƙwai da albasa mai yawa, ya ci da burodi a bayan keken ɗinki. In zai tashi sai ya wanke baki ya jefa kanumfari. Dogo mai guga, wanda suke shago ɗaya, ya gaji da kallo.

"Ƙato da kai, da gemu, kana ɓoye warin albasa kamar wanda ya sha abin da ba a sha. Wallahi in aka kama ka ni ba ruwana."

"Kai dai yi gugarka, kada ka ƙona wa mutane riga."

A gida matarsa ta tare shi a kicin, ta rage murya.

"Baban yara, ba gishiri ba albasa, me ya rage? Ruwan zafi da tumatir. Ni ma da nake da lafiya da ƙyar nake haɗiyewa. Ka gaya mata mana."

"Ba ki gane ba. An raba ta da ɗakinta, an raba ta da murhunta, ko wanka sai an riƙe ta. Wannan binciken farantin shi kaɗai ya rage mata. In na ce mata shekara da shekaru aikin banza take yi, me na bar mata?"

Matar ta ci gaba da wanke-wanke.

Ana haka Iya, ƙanwar Inna, ta zo dubiya. Mace ce mai baki, ba ta ajiye magana ta kwana. Ta ga kwanon yayarta a rufe, ta buɗe ta ɗanɗana, ta ajiye cokali a hankali.

"Yaya, wannan abinci ne ko horo?"

"Likita ne," in ji Inna.

"Likita ya hana gishiri, na ji. Albasar fa, ita ma hawan jini gare ta?"

"Kin manta Auta ba ya ci?"

Iya ta dubi Auta sama da ƙasa. Sai da ya rako ta bakin titi neman mota ta juyo.

"Kai kuwa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ka san uwarka tana budurwa ɗanya take gatsar ta kamar mangwaro? In aka aike mu kasuwa, kafin mu iso gida ta cinye ɗaya. Mahaifinmu har ɓoye buhu yake yi saboda ita."

"Inna? Ban taɓa ganin ta ci ba."

"Ina za ka gani? Kana ɗan mitsitsi ta ci wata rana, ka zo za ka hau cinyarta, ka ji wari a bakinta ka gudu kana kuka. Daga ranar ta bari. Ta ce ba za ta ci abin da zai kore mata ɗa ba." Iya ta ɗaga wa mota hannu. "Ka yi haƙuri ka toshe hanci na wata ɗaya, a sa mata. In ba haka ba wannan ruwan zafin zai kai ta inda ba ma so."

Motar ta tafi, Auta ya daɗe tsaye a bakin titin.

Washegari ya rufe shago da wuri, ya biya ya sayo albasa cikin leda. Ya ce wa matarsa ta ba shi wuri a kicin. Ya yanka yadda ya iya, hawaye na zuba, ya zuba mai ya buɗe wuta. Nan da nan ƙamshi ya cika gidan, har da ɗan ƙauri. Daga ɗaki muryar Inna ta taso, da ƙarfin da aka kwana biyu ba a ji ba.

"Wa ke soya wannan abu? Ku buɗe taga kafin Auta ya dawo!"

Ya juye albasar a kan shinkafa, ya ɗauki farantin ya shiga. Ya zauna a tabarma kusa da ƙafarta. Ta miƙo hannu za ta jawo farantin, ya riƙe. Ya cika cokali, albasa ta fi shinkafar yawa, ya kai baki ya tauna ya haɗiye. Ya ƙara.

Inna ta zuba masa ido tana jiran aman, aman bai zo ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ina wajen koyon ɗinki, Inna."

"Matarka ta sani?"

"Ta sani."

"Yaran?"

Ya gyaɗa kai. Ta mai da fuska wajen bango. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Auta ya fara da-na-sani.

"Ashe ni kaɗai ce baƙuwa," in ji Inna.

"Kunya na ji. Kin ce ba wanda ya san cikina sai ke, na kasa ƙaryata ki. Ban san kin bar ta saboda ni ba, sai jiya Iya ta gaya mini."

"Wannan bakin nata, ko kabari ba zai rufe shi ba."

Can sai hancinta ya motsa. Ta juyo ta leƙa farantin, ta ɗaure fuska.

"Wa ya soya?"

"Ni ne."

"Ai na gani. Ka yanka ta kamar mai faskare, ka kuma ƙona ta. Shekara nawa kana ci a ɓoye, ko soyawa ba ka iya ba?" Ta ɗaga murya. "Ke 'yar nan, akwai saura? Kawo mini da wuƙa da tire."

Aka kawo. Ta ɗora tiren a cinya. Yankan na fita siriri kamar zare. Ta ce a ɗauke ta a kai ta bakin kicin, aka ajiye mata kujera. Daga nan ta riƙa ba da umarni: a rage wuta, a rage kuma, kada a juya da yawa, a bar ta ta yi laushi har ta yi ja don kanta. "In ta yi haka zaƙinta ke fitowa, ba wanda zai tambayi gishiri." Matar Auta na cewa to, Inna, tana murmushi ta gefen da ba a gani.

Da aka zuba abinci kowa ya zauna. Inna ta ci nata a hankali, cokali bayan cokali, ba wanda ya yi gigin ƙirgawa a fili. Ta ci fiye da rabi. Sannan, kamar kullum, ta miƙa hannu ta jawo farantin Auta, ta sa cokali ta fara tsince albasar sili-sili. Auta ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga inda take zubawa: a nata farantin.

"Inna, ai ina ci yanzu."

"Ka ci taka a shago," in ji ta. "Gobe ka sayo manya, waɗannan ƙanana ne."