Baba Saja da Lasisin Kwamfuta

Shekara ashirin da shida Japhet ya yi yana kula da sito a gidan soja, kuma har ya yi ritaya ya dawo unguwar Rikoto a Zuru bai taɓa sa hannu a takardar da bai karanta ba. Mutanen unguwa Baba Saja suke ce masa. Matarsa Saloma ta sha ba matan zumuntar coci labari cewa ranar aurensu ma sai da ya tsayar da fasto ya karanta takardar aure har ƙasa, ita kuwa tana tsaye cikin farar riga tana zufa.

Saloma tana da littattafan rubutu guda huɗu cike da waƙoƙin yarensu na C'lela da ta ji a bakin mahaifiyarta da tsofaffin ƙauyensu: na niƙa, na noma, na rarrashin yara. Takardun sun fara cinyewa, gara ma ta taɓa ɗaya. Ta daɗe tana cewa da za ta samu kwamfuta da ta kwashe su kafin su lalace. Da aka sayar da dawar bana, Japhet bai ce mata komai ba, ya tafi shagon Zakiyyu kusa da kasuwar Zuru ya sayo mata sabuwar laftof a kwali. Zakiyyu ɗan marigayi Yusha'u ne, wanda suka yi bataliya ɗaya da Japhet, kuma a gaban Japhet yaron ya girma.

Ranar Asabar 'yarsu Leah ta zo daga Birnin Kebbi, inda take aikin kwamfuta. Ta duba kwalin ta ce, "Mama, zan cire babbar manhajar da ta zo da ita, wadda take tafiyar da komai a ciki, in sa miki Linux. Kyauta ce, ita na fi sani, kuma na shirya miki baƙaƙen C'lela a kanta. In wani abu ya rikice, ta waya zan gyara miki."

"Ke kika sani," in ji Saloma. "Ni dai in ga waƙoƙina a ciki."

Leah ta kunna. Wani dogon rubutu na Turanci ya cika allon, da wurin dannawa a ƙasa mai cewa an yarda. Ta kai hannu za ta kashe, Japhet ya ce ta dakata. Ya ɗauko tabarau ya ja kujera.

Tuwon rana ya huce yana karatu. Sau biyu Saloma tana leƙowa tana komawa. Can sai ya ɗora yatsa a kan allon ya kira Leah.

"Karanta min nan, ko idona ne."

Leah ta karanta. Rubutun ya ce wanda bai yarda da sharuɗɗan ba kada ya yi amfani da manhajar, ya tuntuɓi wanda ya sayar masa ya ji yadda ake mayar da kuɗi.

"Wato abin nan da za ki cire, na biya kuɗinsa?"

"Yana cikin kuɗin kwamfutar, Baba. Lasisi ne. Kowa haka yake saye."

"Kuma mu ba ma so."

"Ba ma so. Amma ban taɓa ganin wanda aka mayar wa ba."

Japhet ya cire tabarau ya ce kada kowa ya taɓa kwamfutar. Ya sa Leah ta ɗauki hoton rubutun da wayarsa, ya mayar da laftof ɗin cikin kwali da ledarta da komai, ya ɗora a kan kabad. Leah ta koma Birnin Kebbi ranar Lahadi ba ta sa komai ba. Saloma ta raka ta tasha tana ƙorafi har mota ta tashi.

Litinin da safe Japhet ya hau kabu-kabu zuwa shagon. Zakiyyu ya taso ya durƙusa ya gaishe shi, ya kakkaɓe masa benci. Japhet ya miƙa masa wayar, Zakiyyu ya karanta hoton sau biyu, yana sosa kai.

"Baba Saja, shekara bakwai ina wanga kasuwanci, wallahi ban san akwai wagga magana ciki ba. Kowa dannawa yake yi ya wuce."

"Ni ban danna ba."

Zakiyyu ya yi murmushi ya jawo aljihun tebur. "To Baba, faɗi abin da kake gani, in ba ka. Kai da mahaifina ɗaya ne."

"Rufe wannan aljihun," in ji Japhet. "Ba kai ka rubuta ba, ba kai za ka yi asara ba. Wanda ya yi alkawari shi zai cika. In kuma ba za su karɓa ba, to in sayar wa wani da yake so. Idan na sayi akuya da igiya a wuyanta, ai igiyar tawa ce, in so in ɗaure, in so in sayar."

Zakiyyu ya yi masa bayani cewa irin wannan lasisin a jikin kwamfutar yake, ba ya ciruwa a kai wa wata. Japhet ya ce to shi ke nan, sai a koma ga mayar da kuɗi. Nan take Zakiyyu ya buga wa ɗan kasuwar da yake saro kaya a wurinsa a Kano. Daga kan benci Japhet yana jin dariyar mutumin ta cikin waya. Bai ji haushi ba. Ya nemi takarda da biro, ya zauna a shagon ya rubuta wasiƙa da kyakkyawan rubutunsa na sito, da lambar kwamfutar da ranar saye, ya kwafe ta sau uku. Ɗaya ta Kano, ɗaya ta Zakiyyu, ɗaya tasa.

Mako biyu suka wuce shiru. Kowace Litinin Japhet yana zuwa shagon, su gaisa, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar Hajiya Maimuna mahaifiyar Zakiyyu, sa'an nan ya tambayi amsa. A gida kuwa Saloma tana share ɗaki tana kallon kwalin a kan kabad.

"Baban Leah, ka saya min abu ka hana ni," ta ce masa wata rana.

"Ban hana ki ba. Naki ne. Shi ya sa ba na so a cuce ki a kansa."

A mako na uku, ranar kasuwa, Saloma ta biya shagon ita kaɗai. Ta kwance bakin zaninta ta ajiye kuɗi a gaban Zakiyyu.

"Ɗana, ka ba shi wannan ka ce daga Kano ya zo. Na gaji. Kwanan nan na manta baiti guda na waƙar mahaifiyata, na duba littafin, daidai wurin gara ta ci."

Zakiyyu ya tura mata kuɗin a hankali.

"Mama, in na ba shi, takarda zai tambaya. In na ƙirƙiro takarda, zai gane, kuma ba ni iya haɗa ido da shi har abada. Ki ba ni kwana uku."

Tana fita ya sake buga Kano. Wannan karon bai yi maganar wasiƙa ba. Ya ce tsohon nan ubansa ne, kuma in ba a samo mafita ba zai koma saro kaya a wani wuri. Mutumin Kano ya daina dariya. Ya ce su ba sa raba lasisi da kwamfuta, kamfani bai ba su hanyar yin haka ba. Amma akwai irin wannan laftof ɗin sak wadda take zuwa ba manhaja a ciki, kuma ta fi araha. In har tasu tana cikin kwalinta kuma ba a danna yarda ba, a maido ta a musanya.

Ranar Juma'a motar Kano ta kawo sabuwar. Zakiyyu da kansa ya kai ta Rikoto a kan mashin, da rarar kuɗin a ambulan da rasit mai hatimi. Japhet ya duba lambar da ke jikin kwalin, ya duba rasit, ya sa hannu, ya miƙa masa ta farkon a kwalinta. Sa'an nan ya dafa kafaɗar Zakiyyu ya ce, "Yusha'u ya bar ɗa." Zakiyyu ya sunkuyar da kai. Saloma ta cika masa leda da gyaɗa, ta hana shi tafiya sai da ya ci abinci.

Leah ta dawo a ƙarshen mako ta sa Linux, ta koya wa mahaifiyarta inda baƙaƙen suke. Da yatsa ɗaya Saloma ta fara, tana neman kowane baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Baitin da ya ɓace kuwa, wata tsohuwa 'yar ƙauyensu da take zaune a Ribah ta rera mata shi ta waya.

Labarin zuwanta shagon bai ɓoyu ba, don Hajiya Maimuna ta faɗa wa Japhet a wurin wani suna, tana dariya har da hawaye. Bayan kwana biyu kafinta ya kawo ƙaramin tebur da kujera mai jingina, waɗanda aka yi da kuɗin ambulan ɗin, aka ajiye su a bakin taga inda haske yake shigowa.

"Na ji an ce kin so ki ba ni cin hanci," ya ce, yana gwada ko teburin yana girgiza.

"Na so," in ji Saloma. "Yaron ne ya ƙi."

Ta zauna ta buɗe littafi na biyu. Japhet ya naɗe ɗan kwali ya cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin ɗaya, ya tambaye ta ko yanzu ya zauna daidai. Ta ce ya ɗan matsar mata da shi kusa da taga.