Karan Ɗorin da Ya Cinye Gonar Baba

Shekara tara ina koyar da Turanci a wata firamare a Kuje. Ni ce mai sa yara tafi suna rarraba kalma gaɓa-gaɓa, har suka raɗa mini Anti Tafi. Ina ji da kaina, ba zan ɓoye ba. Duk takardar da ta shigo gidanmu, ni mahaifina Baba Yamusa yake miƙa wa ya ce, "Rosemary, karanta mu ji."

Gonar doyarsa tana bayan gari, kabarin Mama kuma yana gindin ɗorawar da ke tsakiyarta. Wani kamfanin buga bulo ya yi hayar gefen gonar na shekara biyar. Da wa'adi ya cika, wakilinsu Badaru ya zo da sabuwar takarda, baki har kunne, yana ta zuba wa Baba "oga".

Na karanta. A ƙarshen layi na huɗu an rubuta "re-", ragowar kalmar, "lease", ta faɗa layi na biyar.

"Baba, re-lease ne. Sabunta haya kawai."

"Ka tabbata?" in ji Baba, wanda Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji.

"Haba Baba, aikina ne fa."

Ya dangwala yatsa.

Bayan wata uku aka kewaye gonar gaba ɗaya da turaku. Muka garzaya wurin wata lauya, Barista Nazeefa. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau.

"Malama, idan layi ya ƙare, ai yanka kalma ake yi da karan ɗori. Ki haɗe ta, release ke nan, wato Baba ya sakar musu gonar. Kuma sauran shafin duk bayansu yake bi. Kin karanta har ƙasa?"

Ban karanta ba. Na ga kalmar da nake so, na tsallake saura. Wannan yankan kuwa ni nake koya wa 'yan aji huɗu. Kunya ta kama ni, irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

Kotu ta ba su gaskiya. Suka ba mu kwana biyu mu kwashe ƙasusuwan Mama kafin katafila ta shiga.

Da muka dawo daga sabon kabarin, ƙasa duk a jikinmu, Baba ya ɗauko takardar. "Nuna mini shi."

Na nuna masa ɗan karan ɗorin. Ya ɗora babban yatsansa a kai, ya rufe shi ruf.

"Wannan ƙaramin abu?"

Bai zage ni ba. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi.

Jiya aka ba shi takardar magani a asibiti. Ina zaune a bakin ƙofa ya wuce ni da ita a hannu, ya ƙwanƙwasa gidan maƙwabcinmu Jonah tela, wanda ko firamare bai gama ba.

"Jonah," na ji yana cewa, "karanta mu ji."