Kwamfutocin Malam Bawa a Cikin Leda

Shekarar da damina ta ƙi mu a Kurawa, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, a shekarar aka kawo wa makarantarmu kwamfutoci da farantan sola. Rana kam muna da ita har ta yi yawa.

Malama Zulaihatu aka tura Sakkwato ta koyo, don ta dawo ta koya mana, mu kuma mu koya wa yara. Da ta dawo, gida-gida ta bi tana roƙon iyaye kada su tafi da 'ya'yansu cin rani. Ta yi musu alkawarin yaran za su koyi abin da zai ciyar da su ko babu ruwan sama. Wasu suka yarda, har da Maliki makiyayi, wanda ya bar 'yarsa Maijidda wajen kakarta.

Sai dai makullin ɗakin da aka ajiye kwamfutocin yana aljihun hedimasta, Malam Bawa, mutumin da ko waya sai an danna masa. Ya jera kwamfutocin cikin ledarsu kamar kwanukan jeren amarya, ya shimfiɗa musu zane, ya rufe.

"Ranka shi daɗe, yaushe za mu soma?" in ji Zulaihatu.

"Yaran ga masu hannun fura? Su lalata min kayan gwamnati? In manya sunka zo dubawa, mi za ni ce musu?"

Haka muka ƙare zango muna danna madannin da ta zana mana a kwali. Ni da furfurata! Kullum na ga Bawa yana kaɗa makullin nan sai in ji kamar in tofa masa yawu.

Ran da jami'ar dubawa ta zo, Bawa ya sha babbar riga, ya buɗe ɗakin yana washe baki.

"Hajiya, duba da kyau. Ko yatsa bai taɓa su ba!"

Ta duba kuwa. Ta ce tunda ba mu da bukatarsu, a kai su Kamarawa, inda yara suka danna nasu har haruffa suka goge.

Ana loda su a mota Maliki ya iso daga cin rani, ya kama hannun Maijidda zai tafi da ita. Bai yi faɗa ba.

"Malama, mi ta koya?"

Zulaihatu ta nuna masa kwalin nan mai zanen madannai. Bawa kuwa yana bin direba da gudu, wai a sa masa hannu cewa ya miƙa su lafiya lau.