Ƙofar Murhun Inna

Murhun ƙarfen da ke kusurwar ɗakin girkin Baba Direba ya girmi autarsu, kuma tun da aka kawo shi ƙofarsa ba ta taɓa rufuwa cikin mutunci ba. Murhu ne mai cin itace da gawayi, bututun hayaƙinsa ya huda rufin ɗaki. A kansa ake girki, a gindinsa ake shan ɗumi in sanyi ya sauka. Ƙofar ce dai ta saki jiki ta ɗan sunkuya, maƙallinta ba ya shiga gurbinsa sai an san kanta, kuma Baba Direba kaɗai ya sani. Kowace safiya matarsa Inna za ta jera itace ta hura wuta, sannan ta ɗaga murya, "Malam, zo ka rufe abokiyar faɗanka!" Sai ya taso yana mita, ya rufe, ya sha shayin farko a tsaye kusa da ita.

Alkawarin gyara kam ya sha yi. Mutumin da ya taɓa kwance injin babbar mota a bakin hanya ya mayar, amma ƙofar murhun gidansa kullum sai gobe.

Sai ga likita ya ce za a yi masa aiki a zuciya, kuma ba wanda ya iya faɗa masa ranar sallama. Tun daga bakin asibitin ƙofar nan ta tsaya masa a rai. In ta zauna a sake, wuta ta cinye itace nan da nan, hayaƙi ya cika ɗaki, garwashi ma yana iya faɗowa kan tabarma. Ga Inna ciwon gaɓoɓi ya murɗe mata yatsu, murfin kwalba ma sai ta miƙo masa.

Ana jibi zai kwanta a asibiti, ya hana a hura wuta, ya jawo akwatin kayan aikinsa ya durƙusa gaban murhun.

Inna, da ke kan kujera tana tsintar wake, ta ce, "Ikon Allah. Yau goben ta zo ke nan?"

"Ke dai yi tsintarki, tsohuwa."

Ya ɗaga ƙofar daga maratayinta da nishi, ya kwantar da ita a ƙasa. Toka da kunkunniya sun daskare a bakinta kamar siminti, ya sa sukudireba ya kankare su tas. Ƙarafunan da take rataye a kansu sun cinye, shi ya sa take sunkuyawa, sai ya laluba cikin gwangwanin tarkacensa ya samo ɗan zoben ƙarfe ya zura a na ƙasan don ya ɗago ta. Ya goge tsatsa, ya ɗaure notin maƙalli, ya mayar da ƙofar. Ya tura, ta shige ƙwas.

"Kin ji ko? Aiki sai mai shi."

Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Na ji. Na kuma ga gwiwarka."

Ya duba ƙasa. Ashe gwiwarsa ta dama na tokare da gindin ƙofar, ta ɗaga ta kamar yadda ta saba, ba da saninsa ba. Ya ja da baya ya sake gwadawa da hannu kaɗai, sai ya kama wuyan hannunsa yana ciccibar ta sama. Sabo turken wawa! Jikinsa ya daɗe yana rufa wa ƙofar nan asiri, har ya kai shi da kansa ba zai iya sanin ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba. Dole sai hannun da aka yi gyaran dominsa.

Ya ce, "Taso ki gwada mana."

"Ba ni na ɓata ba."

Ya ƙara wani zoben, ya goga bakin maƙallin da zarto har ya yi santsi, ya sake roƙonta. Ta yi kunnen uwar shegu da shi. Da ya yi na uku har da "don Allah", kalmar da ba ta cika fitowa daga bakinsa a gida ba, sai ta ajiye faifan a ƙasa.

"Malam, kana tsammanin ba na gani? Shekaranjiya ka gyara famfo. Jiya ka mayar wa maƙwabci tsaninsa da ya shekara a bayan ɗaki. Yau kuma murhu. Sallama kake yi wa gidan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma so kake in taya ka. To, ban iya ba."

Ya zauna daɓas a kan akwatin kayan aiki, hannuwansa baƙi ƙirin, ya rasa inda zai sa su. Shekarun da suka yi tare duk da zolaya suka yi su, yau kuwa zolayar ta ƙi zuwa.

Ya ce, "Tsoro nake ji, Inna. Wallahi tsoro nake ji. Abin da za su yi min ba ni da iko da shi, wannan kaɗai ke hannuna. In suka sa ni barci, so nake in rufe ido da sanin kina cikin ɗumi, ba cikin hayaƙi ba."

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma bai sake ta ba. Can ta dafa bango ta miƙe, ta tako ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar ta tura. Ƙofar ta tafi sumul, sai a ƙarshe ta cije.

"Ka gani? Aiki sai mai shi," in ji ta. "Daga sama take kamawa."

Ya sassauta notin kaɗan, ta tura, ya ƙara sassautawa. Kawunansu biyu masu furfura suka haɗu a bakin murhu, tana faɗa masa inda ke cijewa, yana bin maganarta ba musu. Da ta sake turawa, maƙallin ya faɗa gurbinsa da kansa, ba gwiwa, ba nishi. Baba Direba ya sauke ajiyar zuciyar da ya kwana biyu yana riƙe da ita.

Inna ta buɗe ƙofar, ta jera itace, ta hura wuta har ta kama. Sannan ta goge idonta da bakin mayafi, ta koma kujerarta ta ɗauki faifanta, ta bar murhun a buɗe.

"Inna, ƙofar fa?"

"Ka dai ga na iya, hankalinka ya kwanta. Ran da ba ka nan zan rufe. Yau kana nan, sai ka tashi."