Wuyan Biddy

Clarrie Bunworth ne ya fara gani, kafin kowa a gonar shanunsu ta yammacin Queensland. Ɗan yankan da wayar shinge ta yi wa Biddy, tsohuwar goɗiyarsa, ya yi wata biyu bai rufe ba. Clarrie bai taɓa zama a aji ba, amma wanda ya tsira daga fari uku ba ya bukatar takarda kafin ya gane alamar tsufa.

Da 'yarsa Noeleen ta sayo sababbin dawakai biyu masu 'yar majina, ya ce kada su sha a kwami ɗaya da Biddy.

"Haba Baba, shekararta ashirin da bakwai, ko mura ba ta taɓa yi ba."

"Haka nake ni ma, yarinya, sai bara tari ya kwantar da ni mako shida. Jikin tsoho ba ya kokawa da ciwo kamar da."

Ta yi dariya ta haɗa su. Bayan kwana goma sababbin suka warware, Biddy kuwa maƙogwaronta ya kumbura, ciyawa ta gagare ta haɗiya.

Yanzu shi ke jiƙa mata dusa yana ba ta da hannu, yana tsaki. "Duk mai cewa surutun tsufa nake yi," in ji shi, "ya zo ya taɓa wuyan nan."