Ɗakin Wankan Malam Siddiƙu

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, ƙanena Halliru ya iso Goronyo da akwatin ƙarfe, da tari, da wani taurin kai wanda bai tafi da shi ba. Ya tarar da Baba a kwance. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun dama da ƙafar dama sun daina jin magana, Inna kuma ta riga ta rasu. Ni Bara'atu ni ce a gidan, tun da mijina ya mutu na dawo. Babban wanmu Abdulƙadiri yana Rabah yana aikin En'e, sai ya ga dama yake leƙo mu, da farar rigarsa da ba ta son ƙura.

Ci da sha ba su dame mu ba, wanka ne masifar. Ni mace ce, ba zan wanke ubana ba. Sai maƙwabcinmu Mode ke shigowa ya yi. Mode mutumin kirki ne, amma hannunsa na noman albasa ne, bakinsa kuma ba ya rufuwa. Babanmu Malam Siddiƙu, wanda rabin garin nan a gabansa suka koyi babin tsarki, shi ake tuɓewa a zaunar a kan turmi, ana cuɗa shi ana ba shi labarin farashin shanu. Ina jin shi ta bayan zana yana cewa "ya isa, ya isa" tun ba a sa sabulu ba. Duk ranar wanka ba ya cin abinci.

Da Halliru ya karɓi aikin na ɗauka an samu sauƙi. Ina! Ya fito ido jawur ya tsuguna kusa da murhu.

"Adda, kuka shikai," ya ce mini. "Ya rufe ido dut don kada shi ga ina ganin shi."

"To mi za mu yi?"

"A barikinmu na Indiya ruwa daga bisa shika zubowa. Mutum shi shiga shi kaɗai, shi ja igiya. Hannu guda ya isa."

Na yi masa dariya, na ce yaƙi ya taɓa masa kai. Washegari na tashi na tarar yana haƙa.

Sashen Baba yana ƙuryar gida, jikin katangar da ke kallon hanyar Wurno, ɗaki ɗaya da ɗan fili. A nan Halliru ya tada ƙaramin ɗaki manne da na Baba, ya huda ƙofa a tsakani, yadda tsoho zai ja jiki da sanda ya shiga ba tare da ya fita tsakar gida ba. Baba ya yarda, amma da sharaɗi. Ya tara mu mu uku, don lokacin Abdulƙadiri ya zo, ya ce: "Kada kowa shi ji. Ban son a mai da ni abin kallo." Abdulƙadiri ne ma ya fi kowa ɗaga murya. Ya dafa ƙirji ya ce wannan amana ce, shi zai fara yanke harshen duk wanda ya fitar.

Gina bango ba wuya. Wuyar ita ce hana ƙasa shan ruwa, don ginin laka da ruwa ba sa zama wuri ɗaya. Siminti kuwa a lokacin sai Turawa da wanda suka so. Halliru ya zuba birji ya karkatar da ƙasan ɗakin zuwa kusurwa ɗaya, inda ya bar rariya ta fita waje. Daɓe ni na yi shi da hannuna, ni kaɗai, ba mata ba waƙa, tunda abin na ɓoye ne. Na jiƙa ɓawon ɗorawa na tace makuba, ina yayyafawa ina bugu da madaɓi, ya sha iska na sake, har ƙasan ya yi baƙi yana sheƙi. Kafaɗata ta daɗe tana tuna mini da aikin nan.

Shi kuma ya hau jaki ya tafi Wurno. Ya kwaso katsi daga marina, ya samo gashin awaki a majema, aka kwaɓa da ruwan dafara aka yi laso, irin wanda ake shafe ramin rini da shi. Sannan ya je wa wata tsohuwa mai ginin tukwane, Kaka, ya ce ta gasa masa fale-falen yumɓu masu kusurwa huɗu, faɗin tafin hannu, a goge fuskarsu da dutse har su yi santsi. Abin da yanzu ake ce wa tayil ke nan. Kaka ta tambaye shi ko tukunyar da za a dafa mi ce wannan marar ciki. Ya ce mata sojoji ne suka yi oda.

Ya shafe ƙasa da bango da laso har tsayin kafaɗa, ya jera fale-falen nan ɗaya bayan ɗaya, ya cike tsakaninsu. Da ya bushe muka toshe rariya da tsumma, muka cika ƙasan da ruwa, muka bar shi ya kwana. Da safe ruwan ya ragu, gindin bango ta waje ya yi damshi. Halliru ya zagi laso, ya zagi jaki, ya zagi Ingila. Sai da ya huce ya gano inda ɓarnar take: daidai inda bango ya haɗu da ƙasa, wani ɗan tsagi ya buɗe. Ya ɓamɓare layin ƙasa duka, ya cike kusurwar da laso mai kauri ya lanƙwasa ta kamar cikin ƙwarya, ya sake jerawa. A gwaji na biyu ruwa ya kwana yadda muka bar shi.

A bisa rufi ya girke randa, ya huda gindinta ya sa toshi mai igiya, a ƙarƙashi ya rataya garwar kananzir da ya hudahuda da ƙusa. Ya gina ɗan dakali na zama, ya kafa itace a bango na riƙewa. Ni ke hawa tsani in cika randar da hantsi, rana ta ɗumama ta.

Ranar farko ni da Halliru muka tsaya a tsakar gida kamar masu jiran haihuwa. Muka ji ƙarar sanda, muka ji shiru, sai muka ji ruwa. Baba ya daɗe a ciki. Da ya fito ya sa rigarsa da kansa, a karkace, gemu na ɗiga, ya zauna a bakin gado ya ce: "Bara'atu, akwai sauran tuwo?" Na shiga madafa na yi kukana son raina, sannan na kawo masa.

Haka muka ci rani. Baba ya yi ƙiba, ya koma karantar da manyan ɗalibansa a zaure. Mode ya yi ta tambayar wa ke wanke Malam yanzu, na ce masa mala'iku.

Ana gab da faɗuwar damina Abdulƙadiri ya zo da baƙo. Maigidansa ne a wurin aiki, wani ƙasaitaccen mutum mai suna Mainasara, wanda saukar manyan baƙi a wannan yanki ke hannunsa. Wai ya zo duba jikin Malam. Ya gaisa da Baba a ɗakinsa, ya yi addu'a, sai idonsa ya faɗa kan ƙaramar ƙofar nan. Ina laɓe a bayan zana ina jin kome. Ya leƙa, ya shiga, ya ja igiya, ruwa ya jiƙa masa hannun riga. Ya fito yana salati.

"Kai! Ko barikin Turawa babu irin wanga. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni haka ba."

Kowa ya san ƙa'idar. In babba ya yaba dokinka ko rigarka, sai ka ce nasa ne, shi kuma in mai kunya ne ya ce ya gode, ya bar maka abinka. Kafin Baba ya buɗe baki Abdulƙadiri ya durƙusa.

"Ai naka na, ranka shi daɗe."

Mainasara bai ce ya gode ya bar mana ba. Ya ce madalla. Ya ce dama rufin bariki ya rufta tun bara, yana rasa inda zai sauke baƙi, ga wuri kuwa a bakin hanya. Ɗaki ba doki ba ne da za a ja shi a tafi, don haka za a huda ƙofa ta waje, a ja katanga ta ciki, Malam ya koma cikin gida ya huta da hayaniyar hanya.

Bayan ya tafi Halliru ya shaƙe wuyan farar rigar nan ta Abdulƙadiri. Da ƙyar na raba su. Abdulƙadiri ya faɗi gaban Baba yana hawaye.

"Baba, bakina ak kubce. Mutum kamar wanga shi yaba abu gabana, mi za ni ce? Wallahi ban zaci shi amsa ba."

Baba ya dube shi. Zai iya aikawa a ce ba a yarda ba, don Malam Siddiƙu ba ƙaramin mutum ba ne a Goronyo. Amma yin haka mai da ɗansa maƙaryaci ne a gaban maigidansa, watakila har aikin ya tafi. Ya ce: "Tunda ka hwaɗa, an hwaɗa. Kuskuren baki na, Allah shi kyauta. Tashi." Ni a raina na ce ba a gabana ba.

Washegari da sassafe jakuna suka iso da tubali, magina na biye. Muna kwashe littattafan Baba zuwa tsohon ɗakin Inna, sai na ga Halliru ya tsaya kan tulin tubalin nan yana juya ɗaya a hannu. Ya buga shi da ƙasa ya rabe biyu. Ya kira ni.

"Adda, taɓa cikin."

Na taɓa. A bushe yake ƙayau har tsakiya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da gini ya san tubali ba ya bushewa a kwana ɗaya, sai ya sha rana ya sake sha. Halliru ya tambayi babban maginin yaushe aka buga su. Mutumin, ba tare da sanin kome ba, ya ce ai tun watan jiya Malam Abdulƙadiri ya ba shi tsawon katangar da igiya, ya ce a buga a ajiye.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki ɓarin tubalin nan na kai wa Baba, na sa masa a hannunsa mai lafiya, na faɗa masa abin da magini ya ce. Ya murza shi da yatsa, gari ya zubo masa a cinya. Ina son ya yi faɗa, ya la'anta, ya ce a kori magina, amma sai ya miƙo mini abin ya ce in share wurin.

Katanga ta tashi. Halliru ya rantse zai gina wani wanda ya fi wancan, amma ruwa ya sauka, laso ba ya kamawa da damina, Kaka kuma ba ta gashi sai kaka ta yi. Baba ma ya hana. Ya ce: "Ka gina a sake yabawa?" Aka koma turmi da zana da ƙwarya. Aka koma "ya isa, ya isa", aka koma rashin cin abinci, sai dai yanzu ba ranar wanka kaɗai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, aikin ya yi kyau. Ko ɗigo bai taɓa ratsa katangar nan ba. Baƙon farko wani Baturen gona ne, muna jin sa ta bayan bango yana jan igiyar Baba yana rera waƙa da muryarsa kamar ta jaki. Baba na kwance yana saurare har ruwan ya ƙare. Daga shi sai wani, sai wani, yawancin lokaci kuma ɗakin a kulle, ba kowa.

Da kaka aka ƙara wa Abdulƙadiri girma. Ya zo a kan sabon keke, da goro da turmin atamfa nawa, wanda ban ko taɓa ba. Lokacin Baba ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Abdulƙadiri ya durƙusa a bakin ƙofa yana jero gaisuwa, yana cewa in Allah ya so zai samo siminti na gaske a yi wa Baba wanda ya fi.

Baba bai taɓa kiran sunansa ba tunda aka haife shi, ɗan fari ne, sai dai ya ce "wanga" ko "babbanku". Ranar ya kira.

"Abdulƙadiri."

Yaya ya ɗago a firgice.

"Na ga tubalin." Ya numfasa. "Saura wanka guda gare ni mai muhimmanci. In nim mutu, Halliru shi wanke ni, Mode shi zuba mai ruwa. Kai ka zamna zaure ka tarbi baƙi, tunda ka iya."

Baba bai kai lokacin sanyi ba. Ranar da ya rasu ni na ɗebo ruwan da kaina na ajiye a bakin zana. Halliru da Mode suka shiga. Abdulƙadiri ya taso ya naɗe hannun rigarsa ya nufo wurin, na tsaya masa a hanya. Bai yi gardama ba. Ya koma zaure, inda Mainasara da mutanensa suka riga suka iso, ya shimfiɗa musu tabarma.